Zaizayar ƙashi a jikin tsofaffi masu ciwon gaɓoɓi

Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, cuta ce da ke cinye ƙarfin ƙashi daga ciki har ya zama kamar itacen da gara ta ci: a waje yana nan yadda yake, amma 'yar faɗuwa kaɗan ta isa ta karya shi. Ba ta zuwa da zazzaɓi ko kumburi, kuma sau da yawa karaya ce alamarta ta farko. Gidauniyar Duniya Kan Zaizayar Ƙashi ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 50 za su gamu da karaya sanadiyyarta. Ana tunawa da cutar a duniya kowace ranar 20 ga Oktoba.

Yadda take faruwa

Ƙashi abu ne mai rai, wanda jiki ke rushe tsohonsa yana gina sabo a kullum. Ginin yana rinjayar rushewar har zuwa wajen shekara 30, daga nan kuma sai lissafin ya fara juyawa sannu a hankali. Ga mata, zaizayar tana ƙara sauri bayan ɗaukewar jinin al'ada, saboda raguwar sinadarin istrojin da ke kare ƙashi. Shan taba, shan giya, rama mai yawa, ƙarancin kalsiyam da bitamin D, da kuma tarihin karayar ƙugu a wurin uwa ko uba, duk suna ƙara haɗarin.

Alaƙarta da ciwon gaɓoɓi

Mutane da dama suna haɗa zaizayar ƙashi da amosanin gaɓoɓi a ƙarƙashin suna ɗaya, wato sanyin ƙashi, alhali cututtuka ne daban. Amosani yana lalata mahaɗar ƙashi, musamman gwiwa da ƙugu, yana kuma bayyana kansa da ciwo. Zaizaya kuwa jikin ƙashin take ci, ba tare da an ji ba. Tsohon da ke fama da gwiwa yakan shekara goma yana neman maganinta, babu wanda ya duba ƙarfin ƙashinsa.

Ciwon gaɓoɓi yana share wa zaizaya hanya ta fuskoki uku. Na farko, yana zaunar da mutum wuri guda, ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi kuwa yakan yi rauni. Na biyu, nau'in amosanin da ke zuwa da kumburi, wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓi, shi kansa yana cin ƙashi. Na uku, kuma mafi muhimmanci ga iyalai, shi ne magani. Furednisolon da deksametason suna kwantar da ciwo cikin gaggawa, shi ya sa ake yawan sayensu a kemis ba tare da takardar likita ba, ko a same su cikin haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki. Shan su a kullum na tsawon wata uku ko fiye yana zaizaye ƙashi ƙwarai. Wanda ya daɗe yana shan su bai kamata ya daina kwatsam ba, domin hakan ma yana da haɗari. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

Alamomi da gwaji

Wuraren da suka fi karyewa su ne ƙugu, ƙashin baya da wuyan hannu. Duk karayar da ta biyo bayan faɗuwa daga tsaye, kamar zamewa a bayi ko a wurin alwala, abin tuhuma ce ga wanda ya wuce shekara 50. Haka nan raguwar tsayi da kimanin santimita 4, ranƙwafawar baya, ko ciwon baya mai tsanani da ya taso bayan ɗaukar kaya, suna iya nuna cewa wani ƙashin baya ya lotsa.

Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna zaizaya sai ta yi nisa. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne na'urar DXA, mai auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a 1994, sakamakon -2.5 ko ƙasa da haka yana nufin cutar ta tabbata. Ga mai amosanin baya, tsiron da ke fitowa a jikin ƙashin yana iya sa sakamakon ya fi gaskiya kyau, don haka likitoci sukan fi duba awon ƙugu.

Magani da kariya

Akwai magunguna da ke rage haɗarin karaya. Alenduronet ana shan sa sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, sannan kada a kwanta sai bayan minti 30. Akwai kuma wanda ake sawa ta jijiya sau ɗaya a shekara, da allurar da ake yi duk wata shida. Likita ne ke zaɓa bayan ya duba lafiyar ƙoda.

Tsoho yana bukatar kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana. Ana samun sa a nono, kindirmo, kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifaye da ake ci har da ƙaya. Bitamin D kuwa hasken rana ne babban tushensa, abin da ya kamata a lura da shi game da tsofaffin da ba sa fita daga ɗaki. Tafiya a ƙafa kullum, ko da da sanda ne, tana ƙarfafa ƙashi da tsoka. A gida, a sa abin dafawa a bayi, a busar da daɓe, a kawar da darduma mai naɗewa, a ajiye fitila kusa da gado, a kuma duba idanun tsoho.

Idan tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ko ƙafar ta gajarce ta juya waje, asibiti ne wurinsa a ranar, ba gidan mai ɗori ba. Karayar ƙugu galibi tiyata take bukata, kuma doguwar kwanciya tana jawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu suna rasuwa cikin shekarar farko. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano, da takwarorinsa na Igbobi a Legas da na Enugu, da asibitocin koyarwa, suna gudanar da irin wannan aiki. Bayan an sallami majinyaci, wajibi ne iyalinsa su nemi a duba ƙarfin ƙashinsa, domin karaya ta farko tana ninka haɗarin ta biyu.