Tarihin Lungunan Agege, Daga Zangon Fatake Zuwa Gadar Pen Cinema

Yau za mu waiwayi tarihin wani abu da muke takawa kullum ba tare da mun kula da shi ba, wato lungunan unguwanninmu na Agege.

Goro ne ya zaunar da kakanninmu a nan. A da, fataken Kano da Katsina sai sun yi watanni a hanyar Gwanja, har kasuwar Salaga da ke ƙasar Gana ta yau, kafin su samo shi. Da layin dogo ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1912, sai lissafi ya canza. Manoman wannan yanki, waɗanda suka yi suna da noman koko, suka rungumi goro, ga kuma tashar jirgi a kusa. Hausawa suka sauka daura da tasha suka kafa zango, sunan da maƙwabtanmu Yarabawa suka mayar Sango.

A wancan zamani lungu shi ne zauren kowa. A ƙofar gida ake zaɓen goro a ɗaure huhu. A nan maigida ke sauke baƙo, dillali ya haɗa ciniki, wanzami ya shimfiɗa tabarmarsa, yara su yi karatun allo. Suna da ɗaurin aure duk a nan ake yi. Ɗan dako in ya zo wucewa sai ya yi sallama, a janye ƙafa, ya wuce. Mai tafiya a ƙasa shi ke da hanya.

Da Legas ta cika ta batse, Agege ta zama mahaɗar masu zuwa Iju da Ogba da Abekuta. Molue da danfo suka mamaye manyan tituna, acaɓa da Keke suka biyo baya. Kowa ya tuna cunkoson Pen Cinema, inda titi ya ratsa layin dogo. A watan Maris na 2021 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe gadar sama mai tsawon kilomita 1.4 a wurin. A watan Yuni na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon layin Legas zuwa Ibadan, wanda ke da tasha a Agege, sannan a 2024 jirgin Red Line ya fara jigila tsakanin Agbado da Oyingbo.

Ayyukan nan sun yi amfani, babu mai musu. Sai dai mai wucewa aka yi wa su. Lungu kuwa sai ya rabu gida biyu. Wani ya zama hanyar yanke ta masu babur, har uwa ba ta iya aiken yaro sai hankalinta ya tashi. Wani kuma ƙafa ta ɗauke, ya zama juji, kwata ta toshe, da dare ya koma matattarar masu shaye-shaye. Mun ga yadda aka share Oshodi a watan Janairun 2009. A garin nan, wurin da masu shi suka yi watsi da shi, shi ake fara shafa wa jan fenti.

Wasu garuruwan sun sha irin wannan kafin mu. A birnin Delft na ƙasar Holan, a ƙarshen shekarun 1960, aka fara gyara titunan cikin unguwa ta yadda mota za ta shiga a matsayin baƙuwa: aka daidaita daɓe daga bango zuwa bango, aka dasa itatuwa, aka ajiye benci, dole direba ya bi a hankali kamar mai tafiya da ƙafa. A 1976 gwamnatin ƙasar ta sa tsarin cikin doka. A nan Afirka ma, a 2015 birnin Kigali ya hana mota shiga wani titi na tsakiyar gari, yanzu wurin zama ne da shan iska.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk ranar Juma'a sahu kan fito har kan titi, mota ta dakata, a idar da salla, kowa ya kama gabansa.

Shawararmu ita ce a fara da lungu ɗaya tak. Masu gidaje da 'yan haya, Hausawa da Yarabawa, su zauna su amince. A sanar da fadar Sarkin Hausawa da Baale na unguwa, a nemi izinin ƙaramar hukuma a rubuce. A yashe kwata a rufe ta, a yi daɓen intalok, a sa fitila mai aiki da hasken rana. A tsayar da lokacin sauke kaya, a bar faɗin da motar asibiti ko ta kashe gobara za ta shiga. Mai shayi da mai ƙosai su samu gurbinsu, domin idon jama'a shi ne mai gadin lungu. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Duk wanda ke da lungun da yake ganin ya dace a fara da shi, ya kawo sunansa a taronmu na gaba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Agege lafiya.