Laka Ba Ta Ɗoruwa? Tarihin Wani Tsohon Hukunci

 

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna ba. Duk wanda ya daɗe a Zango ya san gida ɗaya ko biyu da ke da majinyaci a kwance, ko ɗan okada da mota ta kaɗe ya daina jin ƙafafunsa, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da dangi kan tambaya shi ne, ƙashi yana ɗoruwa, fata tana haɗewa, to me ya hana laka? Kafin mu shiga, a lura cewa jijiyar da nake nufi a nan ba ta jini ba ce, ita ce mai ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta laka cikin ƙashin baya, ta isa hannu da ƙafa.

Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Akwai wani rubutun likitocin Masar na wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya kawo raunuka 48 da yadda ake yi da kowane. Da aka zo kan mutumin da wuyansa ya goce har hannu da ƙafa suka mutu, sai marubucin ya sa shi cikin ciwon da likita ba zai taɓa ba. Haka hukuncin nan ya zauna sama da shekara 3,000.

A 1850 wani Bature ɗan Ingila, Augustus Waller, ya yanke jijiyar harshen kwaɗo, ya ga cewa ɓangaren da ya rabu da tushensa shi ke ruɓewa, tushen kuwa yana nan da rai. Daga baya aka tabbatar cewa jijiyar hannu ko ta ƙafa tana sake tsirowa daga tushen, misalin milimita 1 a rana, wato kamar inci guda a wata. Shi ya sa wanda wuƙa ta yanke wa jijiyar hannu, in likita ya ɗinke ta, bayan watanni yakan fara jin yatsunsa. Amma laka da ƙwaƙwalwa suka ƙi. Babban malamin fannin, Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya shafe shekaru yana leƙen abin a madubin likita, ya ga jijiyar laka takan ɗan yi tsiro sannan ta tsaya. Sai ya yanke cewa a jikin baligi abin da ya mutu a nan ya mutu ke nan, ko da yake ya bar wa na baya wasiyyar su nemi sauya wannan hukunci.

To, wanda ya fara sauya rayuwar majinyata bai ɗora laka ko ɗaya ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya mafi yawan sojojin da suka sami raunin laka cikin 'yan makonni suke mutuwa, kuma gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe da yawansu. A 1944 aka ba Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, wani sashe a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Dokarsa ita ce a riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, a kula da fitsarinsa, a tashe shi ya motsa jiki ya koyi sana'a. Sai ga mutanen da aka fid da rai da su suna rayuwa. Wasannin da ya shirya musu a 1948 su ne asalin gasar naƙasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960.

Su kuma masu bincike ba su zauna ba. Wata baiwar Allah 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, da dokokin Mussolini na 1938 suka raba ta da jami'a, sai ta mai da ɗakin kwananta wurin bincike, tana aiki da ƙwan kaza. Da ta koma Amurka, ita da Stanley Cohen suka gano wani sinadari a jiki da ke sa jijiya ta yi tsiro, kamar yadda taki ke yi wa shuka. Sun sami Nobel a 1986. A 1981 kuma, a birnin Montreal na Kanada, Albert Aguayo da Samuel David suka ɗauko guntun jijiyar ƙafar ɓera suka yi gada da shi tsakanin laka da gindin ƙwaƙwalwa, sai ga jijiyoyin nan da aka ce ba sa tsiro sun bi gadar har kusan santimita 3. Ashe iri bai mutu ba, ƙasar ce ba ta karɓarsa. A 1988 Martin Schwab na Zurich ya nuna cewa a cikin kitsen da ke naɗe jijiyoyin laka akwai abin da ke taka wa tsiron birki. Ga kuma tabon da kan cike gurbin raunin.

Sanin dalili daban, samun magani daban. A 2010 kamfanin Geron na Amurka ya fara gwada dasa ƙwayoyin halitta na asali a lakar mutane, a 2011 ya dakatar saboda kuɗi. A 2023 masana a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch, suka sanar cewa sun dasa wa wani ɗan ƙasar Holan na'ura a kai da wata a baya, saƙon ƙwaƙwalwa yana tsallake wurin raunin ba tare da waya ba, har ya miƙe ya taka da sanduna. Abin al'ajabi ne, amma ka ga lakar ba ta ɗoru ba, kewaye ta aka yi, kuma mutum ɗaya ne.

Haka labarin yake ga cututtukan da ke cin jijiya a hankali. Ciwon karkarwa da James Parkinson ya bayyana a 1817 sai a 1967 aka sami maganin levodopa, wanda ke sassauta shi amma ba ya tsai da shi. Gigin tsufan da Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 rage masa gudu kawai yake yi. A nan ma ƙasarmu tana da hannu a tarihin. A asibitin koyarwa na Ibadan Latunde Odeku ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962, kuma a 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da abokansa suka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis. Sakamakon 2001 ya nuna masu kamuwa da gigin tsufa a Ibadan ba su kai rabin na can ba, abin da ya ƙara jawo hankali ga abinci da lafiyar jijiyoyin jini.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Har yau babu allura, babu garin magani, babu asibiti a nan ko a Indiya da ke ɗora lakar da ta tsinke, don haka kada a sayar da gona ko shago a kai wa mai daɗin baki. Abin da ke hannunmu shi ne darasin Guttmann. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya ko baya, kada a naɗe shi a cusa a mota, a tallafe kansa a kwantar da shi a kan katako, kuma kada a kai shi wurin mai ɗori a ja wuyan. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki, asibiti nan take, domin in gudan jini ne ya toshe, maganin narkar da shi cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi. Wanda ke kwance a riƙa juya shi, a kai shi gashi, kada a gaji, don sauran jijiyoyin da suka tsira suna koyon sabon aiki in ana motsa su. Dattijon da ya fara mantuwa kuma ba maita ba ce, ciwo ne, haƙuri yake bukata.

Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam.