Bindigar da Ba Ta Bar wa Maharbi Uzuri Ba

A shekarun da nake karatu a ƙasar Jamus, wani abokina ya kai ni ƙungiyar masu wasan harbi ta garinsu. Kafin ranar, bindigar da na sani ita ce ta toka, wadda 'yan bindigar sarki kan cika gari da ƙararta ranar hawan salla. A can ne wani dattijo ya buɗe akwati, ya miƙo mini wata ƙaramar bindiga mai dogon bututu, wadda mariƙinta ya yi kama da safar hannu ta katako. Na zura hannuna ya ƙi zama. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ba za ta karɓe ka ba. Shekara talatin nake sassaƙa ta daidai tafina." Wannan magana ce ta sa na bi diddigin tarihinta.

Asalinta na komawa ga wani maƙerin Faransa, Louis-Nicolas Flobert, wanda a 1845 ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin harsashi mai ɗauke da sinadarin tayar da wuta a cikin kwansonsa. Rashin ƙarfinsa ya sa masu hali suka riƙa wasan harbi da shi a cikin gidajensu. A 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da harsashin .22 Long Rifle, mai kaurin milimita 5.6, wanda darmarsa ba ta kai giram 3 ba. Ba shi da tsada, ba ya ture hannu da ƙarfi, kuma yana tafiya inda aka aike shi. Har yau shi ne harsashin wannan gasa.

Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896, harbi da ƙaramar bindiga yana cikinsu, kuma Ba'amurke Sumner Paine ya lashe shi daga nisan mita 30. Daga baya nisan ya tsaya a mita 50. Turawa sun laƙaba mata suna 'yantacciyar bindiga, domin doka ba ta ƙayyade nauyinta ko laushin kunamarta ba. Sharuɗɗan kaɗan ne: harsashi ɗaya ake sa mata a lokaci guda, da hannu ɗaya ake riƙe ta a tsaye, ba a ɗora mata madubin hange, kuma mariƙin ba zai tallafi wuyan hannu ba. Maharbi yana harbi 60, kowanne makinsa na ƙoli 10, da'irar tsakiya kuwa faɗinta milimita 50 ne, ba ta kai bakin kofin shayi ba.

Wannan 'yanci ne ya buɗe wa maƙera fage. Kamfanin Hämmerli na Suwizalan ya daɗe yana jan zarensa, har zuwa farkon shekarun 1960 da Efim Khaidurov na Tarayyar Sobiyet, wanda shi ma maharbi ne, ya tsara TOZ-35. Ita ce dattijon ya miƙo mini. Bututunta na ƙarfe ne, an kwantar da shi ƙasa-ƙasa kusa da hannu domin turin harsashi ya bi damtse kai tsaye, kada baki ya ɗaga. Makullin bayanta ba ya zamewa gaba da baya. Sunkuyawa yake yi idan aka ja wani ɗan hannu da ke ƙarƙashin mariƙi, a sa harsashi, a mayar. Saboda haka lokacin harbi ba abin da ke motsi sai 'yan ƙananan ƙarafa da allurar da ke dukan kwanso.

Mariƙin yawanci na katakon walnat ne, domin yana da ƙwari, yana karɓar sassaƙa, kuma ba ya saurin kanannaɗewa. Yana da faifai a ƙasa wanda ake ɗagawa ko saukewa da noti har ya tallabe gefen tafi. Maharbi kan rage inda ya matse shi da magagari, ya cike inda ya yi rami da ƙullin garin katako da gam. Manufar ita ce hannu ya koma wuri ɗaya sau 60 ba tare da an ƙanƙame ba, tunda tsokar da ta ƙanƙame ita ce ke rawa.

Kunama kuwa nan ne abin mamaki yake. Ana ɗana ta da wani ɗan maɓalli a gefe, sannan a iya sassauta ta har nauyin 'yan giram kaɗan ya ishe ta tashi. Ana matsar da harshenta gaba ko baya, a karkata shi daidai tsawon yatsa. Daga baya kamfanin Morini na Suwizalan ya fito da CM84E, mai kunamar lantarki da ke aiki da batir. Sai dai laushin nan takobi ne mai kaifi biyu: yatsan da sanyi ya kama ko tsoro ya shiga, yana iya sakin harsashi kafin mai shi ya yi niyya.

Saura ma'aunin saiti. Akwai ɗan tsinke a bakin bututu da tsaga a baya, da noti biyu masu ƙara ƙas-ƙas, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. Lissafin mai sauƙi ne amma mai ban tsoro. Idan tsakanin tsinke da tsaga santimita 40 ne, to mita 50 ta ninka shi sau 125. Kuskuren kashi ɗaya cikin biyar na milimita a saiti zai zama milimita 25 a jikin allo, wato daga tsakiyar da'irar goma zuwa bakinta.

A ganina, nan ne darasin tarihin yake. Kowane gyara da maƙera suka yi, wani uzuri suka ƙwace daga bakin maharbi. Da suka gama, bindigar ta riga ta fi kowane hannu daidaito, abin da ya rage a gwada shi ne mutum. Alƙaluma sun shaida haka. Torsten Ullman na Suwidin ya ci maki 559 a Balin a 1936. Aleksandr Melentyev ya kai 581 a Mosko a 1980, kuma wannan bajinta ta yi shekara 34 ba a karya ta ba, duk da sababbin ƙirar da suka fito, sai a 2014 da Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 583 a Granada. Maki biyu kacal cikin shekara 34. A wannan gasa ce kuma Xu Haifeng ya ciyo wa Sin zinarenta na farko a tarihin Olamfik a 1984.

A Rio a 2016, Jin ya yi mummunan harbi na maki 6.6 a zagayen ƙarshe, har ya kusa ficewa, sannan ya natsu ya lashe zinarensa na uku a jere. Ashe shi ne na ƙarshe da za a bayar. A 2017 aka cire gasar daga jadawalin Olamfik, aka sa gasannin haɗin maza da mata a gurbinta da na wasu biyu, domin daidaita damar jinsi. Dalilin yana da nauyi, tunda gasar ta maza ce zalla, amma ina ganin da an buɗe wa mata ƙofarta da ya fi a rufe ta.

Har yanzu ana yin ta a gasar duniya, sai dai matashi yakan bi inda zinaren Olamfik yake. Ranar nan dattijon ya bar ni na yi harbi biyar da wata bindigar ƙungiya; biyu ne suka taɓa baƙin allon. Na ce watakila saitin ya goce. Ya karɓa, ya sa harsashi ɗaya, ya ci tara, ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Tasa kuwa ya goge ta, ya mayar cikin akwati. Ya ce 'ya'yansa sun riga sun tambaye shi wa zai bar wa ita, alhali ba hannun da za ta shiga sai an sake sassaƙa ta daga farko.