Himar Rabaza da Wasiyyar Sayyidina Umar ga Mai Gadinta

Ya 'yan uwa, na daɗe ina son in rubuta wani abu game da hima, wato filin da hukuma ke keɓewa ta hana a gina shi ko a mallake shi, domin amfanin jama'a. Mu Hausawa muna da makamancinsa, shi ne hurumi.

A zamanin jahiliyya hima ta mai ƙarfi ce. An ruwaito cewa shugaban ƙabila yakan hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, duk inda haushin ya kai ya zama makiyayar dabbobinsa shi kaɗai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke wannan, ya mayar da ikon keɓe fili ga Allah da Manzonsa, sannan ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina domin dawakin Musulmi.

Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 13 zuwa 23 bayan Hijira, ya keɓe Sharaf da Rabaza domin raƙuman zakka da dabbobin jihadi. Rabaza tana gabas da Madina, kuma a can ne Abu Zarri ya rasu a shekara ta 32.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa 'yantaccen bawansa Hunayyu lokacin da ya ɗora shi a kan hima, kamar yadda ta zo a Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari. Ya umarce shi da sassauci ga mutane da jin tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya tare garken Ibn Aufi da na Ibn Affan. Ku dubi sunayen nan da kyau: sahabbai biyu ne daga goman da aka yi wa bushara da Aljanna! Hujjarsa kuwa, su idan dabbobinsu suka halaka suna da dabino da gonaki. Shi talaka zai kwaso 'ya'yansa ne ya zo ƙofar halifa, kuma ba shi ciyawa da ruwa ya fi sauƙi a kan ba shi zinariya da azurfa.

Umar bai ɗauki keɓewar abin alfahari ba. Ya san mutanen wurin suna ganin an zalunce su, domin ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi a jahiliyya, a kanta suka musulunta. Ya rantse cewa ba don dabbobin da ake hawa a tafarkin Allah ba, da ko taki ɗaya na hannu bai keɓe musu ba.

Maganar ba ta mutu da shi ba. A zamanin Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, faɗaɗa hima tana cikin ƙorafe-ƙorafen da masu tawaye suka kawo Madina, shi kuwa ya amsa musu cewa raƙuman zakka ne suka ƙaru.