Yadda Launi Ya Shiga Duhu: Tarihin Fim ɗin Silaid Mai Saurin Kama Haske

Idan muka duba tsofaffin hotuna masu launi da ke yawo a intanet, na Kano ne ko na Landan, za mu lura yawancinsu da rana tsaka aka ɗauke su. Akwai kasuwa da hantsi, akwai hawan salla, akwai marina. Amma da wuya mu ga kasuwar dare, ko yara suna tashe, ko hira a zaure gaban fitilar ƙwai. Mutanen wancan zamani sun yi rayuwar dare kamar yadda muke yi. Fim ɗin kyamararsu ne ba ya iya ganinta.

Fim ɗin da muke nufi shi ne siririn faifan roba da ake sakawa cikin kyamara kafin zuwan na dijital. Iri biyu ne. Akwai nagatif, wanda ake wankewa sannan a buga hoton a takarda. Akwai kuma silaid, wanda da an wanke shi hoton ya fito ke nan da launinsa a jikin fim ɗin, sai a yanka, a sa masa firam na kwali, a haska a bango da majigi. Kalmar majigi kanta ta samo asali ne daga sunan da Turawa suka ba tsohuwar fitilar da ke haska hotunan gilashi a bango. Manyan mujallu irin su Life da National Geographic silaid suka fi dogaro da shi, saboda edita yana ganin launin ainihi da idonsa kafin a kai maɗaba'a.

A 1935 kamfanin Kodak na Amurka ya fito da Kodachrome, wanda wasu makaɗa biyu, Leopold Mannes da Leopold Godowsky, suka ƙirƙira. A 1936 aka fara sayar da shi ga masu ƙananan kyamarori, kuma a shekarar Jamus ta fito da nata, Agfacolor. Launin Kodachrome ya burge duniya, sai dai nawa gare shi. Ana auna saurin fim da lambar ASA, wadda a yau muke gani a wayoyinmu da sunan ISO, kuma lambarsa wajen 10 ce kacal. Duk lokacin da lambar ta ninka, hasken da ake buƙata ya ragu da rabi. Da lamba 10, rana na yin sanyi sai kyamara ta daɗe da ido a buɗe, duk abin da ya motsa ya zama dishi-dishi. Ernst Haas, wani mai hoto haifaffen Ostiriya, ya mayar da wannan matsala salo: a shekarun 1950 ya ɗauki wasan bijimai a Sifen, ya bar mutum da sa suka narke cikin launi. Amma ɗan jaridar da ake so ya kawo fuskar da za a gane, wannan bai fishe shi ba.

Me ya hana a ƙara saurin tun farko? A jikin fim akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa, su ne ke kama haske. Babbar ƙwaya ta fi ƙarama saurin kamawa, kamar yadda babban baho ya fi kofi tarar ruwan sama. To amma idan ƙwayoyin suka yi girma, sai a riƙa ganinsu a hoton kamar an watsa masa yashi. Ga shi fim mai launi hawa uku ne, ɗaya na shuɗi, ɗaya na kore, ɗaya na ja, dole haske ya ratsa su duka kuma su daidaita. Saboda haka duk saurin da aka samu, da laushin hoto aka biya shi.

Babban sauyi ya zo a 1959, lokacin da Kodak ta fito da High Speed Ektachrome mai lamba 160. Ninki goma sha shida ke nan na Kodachrome na farko. Hoton da a da sai an buɗe ido na kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, yanzu kashi ɗaya cikin sittin ya isa, kuma hannun mutum na iya riƙe kyamara hakan ba tare da rawa ta ɓata hoton ba. Bugu da ƙari, Ektachrome ba ya buƙatar manyan injinan da Kodachrome ke buƙata, ƙaramin ɗakin wanki ma zai iya. Daga nan masu hoto suka koyi dabarar matsa wa fim: su ɗauka kamar lambarsa ta ninka, sannan a bar shi ya daɗe cikin ruwan wanki na farko. Hoton yana fitowa, amma da ƙarin yashi, kuma baƙinsa ba ya yin baƙi ƙirin.

Irin wannan fim ya je har duniyar wata. A ranar 20 ga Yuli, 1969, hotunan da Neil Armstrong ya ɗauki Buzz Aldrin, da kyamarar Hasselblad aka yi su a kan wani samfurin Ektachrome mai lamba 160. Kyamarar tana maƙale a ƙirji, ba wurin leƙawa, don haka saurin fim ya ba da damar tsuke ƙofar haske, na kusa da na nesa duk su fito tas.

Gasa ta ci gaba. A 1967 kamfanin GAF ya kai lamba 500. A ƙarshen shekarun 1970 Ektachrome 400 ya shigo kasuwa, a farkon shekarun 1980 kuma kamfanin 3M ya kai 1000. Kodachrome kansa sai a 1986 ya kai 200.

Duk da haka, aiki da silaid mai sauri sai gwani. Nagatif yana yafe kuskure, domin ana gyarawa wajen bugawa. Silaid ba ya yafewa, abin da aka ɗauka shi ne za a gani. Haske ya ɗan yi yawa, fari ya ƙone. Ya ɗan gaza, inuwa ta haɗiye komai. Wannan ya shafe mu kai tsaye: baƙin mutum sanye da farar babbar riga, dole mai hoto ya zaɓa, ko aikin rigar ya fito, ko fuskar. Akwai kuma batun launin haske. Fim ɗin rana idan aka kai shi ƙarƙashin ƙwan lantarki sai komai ya koma ruwan lemo, shi ya sa ake sayar da wani daban na cikin ɗaki. Mai hoto yana da tashi 36 a nadi ɗaya, kuma ba zai san abin da ya samu ba sai bayan wanki.

Akwai wata asara da ba a gane ba sai bayan shekaru. Kodachrome mai nawa, idan aka adana shi a duhu, launinsa na daɗewa ƙwarai. Ektachrome na farko-farko kuwa yana kodewa, ya koma ja-ja. Ke nan hotunan dare da na cikin ɗaki, da ma su ne kaɗan, kuma su ne suka fi saurin lalacewa.

Ƙarshen labarin daga cikin Kodak ya faro. A 1975 wani injiniyanta, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. Da dijital ta balaga, a duhu ta fi yi wa fim fintinkau. An daina Kodachrome a 2009, Ektachrome a 2012, Fujifilm ta daina Provia 400X a 2013. Da Kodak ta dawo da Ektachrome a 2018, mai lamba 100 ta dawo da shi, ba mai saurin ba.

A wannan shekara ta 2018 ne Google ta saka tsarin ɗaukar hoton dare a wayoyinta na Pixel. Mu da ke rubuta manhaja mun san abin da ke faruwa a ciki: wayar na ɗaukar hotuna da dama a jere, ta haɗe su, ta goge yashin, ta gyara launi bisa abin da aka koya mata. Hasken bai ƙaru ba, lissafi ne ya cike giɓin. Yashin silaid yana faɗa wa mai kallo cewa wurin da duhu, hoton waya kuwa ba ya faɗa. Jikokinmu za su gaji hotunan dare birjik, sai dai za su ga daren da ya fi wanda muka zauna cikinsa haske.

Don haka duk wanda ya tarar da akwatin silaid a gidansu ko a ma'ajiyar makaranta, kada ya yar da masu yashi da masu jan launi da sunan sun lalace. A nisanta su da zafi da danshi, a kwafe su zuwa kwamfuta tun da sauran abin gani, a rubuta wuri da shekara idan akwai wanda ya sani. A cikinsu ne aka fi samun zaure, da ɗakin amarya, da bayan magariba.