Godiya da Taka-tsantsan ga Mai Bi da Ke Doguwar Tafiya Shi Kaɗai a Ƙasar Waje

Karatu, aiki, jinya ko hidimar bishara kan kai mai bi wata ƙasa, ya yi watanni ko shekaru ba dangi a kusa. Littafi Mai Tsarki ya haɗa abu biyu ga irin wannan matafiyi: zuciya mai godiya da ido a buɗe. Taka-tsantsan ba rashin bangaskiya ba ne, godiya kuma ba sakaci ba ce.

Misalai daga Nassi

Ezra ya sa jama'a azumi a bakin kogin Ahawa don roƙon kariya a hanya, bai nemi sojoji daga sarki ba. Duk da haka ya auna azurfa da zinariya kafin tashi, aka sake aunawa a Urushalima (Ezra 8). Nehemiya kuwa ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnonin da ke kan hanya, ya kuma tafi da rakiyar mahaya (Nehemiya 2:7-9). Dukansu biyu ga Allah suka dogara.

Manzo Bulus ma haka. Cikin hadarin teku, da mutum 276 a jirgi, ya gargaɗi jarumin soja kada a bar matuƙa su gudu, sa'an nan ya ɗauki gurasa ya yi godiya ga Allah a gaban kowa (Ayyukan Manzanni 27). Ya yi godiyar tun ba su kai gaci ba.

Yadda godiya ke tsare matafiyi

Kaɗaici yakan haifi gunaguni, gunaguni kuma ya buɗe ƙofa ga mayaudari. Wanda yake ganin Allah ya manta da shi, shi ne ke saurin karɓar tayin kuɗin banza ko abota marar tushe. Mai godiya yakan wadatu da abin da ke hannunsa, ba a jansa da kwaɗayi. Saboda haka ka ware lokaci kowace rana ka ambaci abin da Ubangiji ya yi maka a ranar. Zabura 107 da 121 sun dace da wannan.

Matakan tsaro

1. Duba fasfo ɗinka. Ƙasashe da yawa suna so ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ajiye kwafinsa da na biza a waya, ka bar wani a gida.
2. Kada ka bar fasfo a hannun mai ba ka aiki ko dillali. Karɓe takardu babbar alama ce ta safarar mutane, wadda hukumar NAPTIP ke yaƙa a Nijeriya tun 2003.
3. Kada ka ɗauki jakar da ba kai ka shirya ba, ko ta ɗan'uwa ce a majami'a. A Saudiyya da Singafo safarar miyagun ƙwayoyi na iya kai ga hukuncin kisa.
4. San inda ofishin jakadancin ƙasarka yake, ka haddace lambar gaggawa: 112 a Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada.
5. Koyi dokar ƙasar game da sujada, domin akwai ƙasashen da suka hana wa'azi a fili.
6. Sa ranar da za ka riƙa kiran gida, kuma a san adireshinka.

Aikin ikkilisiya

Ikkilisiyar farko takan ba matafiya wasiƙar shaida, kamar yadda Bulus ya gabatar da Fibi ga masu bi na Roma (Romawa 16:1-2). Ya kamata fasto da dattawa su riƙe wannan al'ada, su haɗa mai tafiya da ikkilisiya mai sahihiyar koyarwa a can, su riƙa tambayar lafiyarsa. Shi kuma ya nemi zumunta tun makon farko. Idan ya dawo lafiya, ya tsaya a gaban jama'a ya ba da shaidar godiya, kamar Basamariyen nan da ya koma wurin Yesu bayan an warkar da su su goma (Luka 17).