Inda Ake Aika Wasiƙa a Cikin Jama'a

Ga wani ƙulli, a kwance mini: "Inda ake aika wasiƙa, a cikin Jama'a (5,4)." Lambobin da ke ƙarshe suna nufin amsar kalma biyu ce, ta farko mai harufa 5, ta biyu mai 4. Baƙo zai tsaya yana tunanin wane irin wuri ne ake aika wasiƙa a bainar mutane. Wanda kuwa ya taɓa hawa mota daga Kafanchan zuwa Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna, murmushi kawai zai yi ya ce Gidan Waya. Rabin jimlar na farko ya ba da ma'anar kalmar, wato ofishin wasiƙu. Rabi na biyu ya nuna garin da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a. Ba inda aka yi wa mai karatu ƙarya. An dai bar shi ne ya ruɗi kansa.

Irin wannan ƙulli na ɓad-da-bami shi ne ran wasan cike gurabe na jaridun Ingila, kuma bai wuce shekara ɗari da 'yan kai a duniya ba.

A Amurka aka fara shimfiɗa guraben. Ranar 21 ga Disamba, 1913, wani ɗan jarida haifaffen Libaful mai suna Arthur Wynne ya buga wani zane mai ƙananan akwatuna a jaridar New York World, kalmomi suna gicciyar juna, wasu a kwance wasu a tsaye. Tambayoyinsa ba su da wani lauje cikin naɗi: a ba ka ma'ana, ka kawo kalma. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya tara irin waɗannan ya fitar da littafi, har da fensir maƙale a jikinsa, aka yi ta rububinsa. Kafin shekarar ta fita abin ya ƙetara teku. Daily Telegraph ta fara nata a 1925, jaridar The Times kuwa, mai jan aji, sai da ta kai 1 ga Fabrairu, 1930 kafin ta sakko.

Mutanen Ingila ba su daɗe ba suka gaji da tambayar da ƙamus kaɗai ke iya amsawa. Wanda ya juya akalar shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya mayar da Dare Dubu da Ɗaya zuwa Turanci daga fassarar Faransanci. Daga 1926 ya riƙa ƙulla wa jaridar Observer, kowace tambaya da tarkonta: nan an hautsina harufa, can an ɓoye kalma cikin kalma, gaba kuma kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Ya laƙaba wa kansa suna Torquemada, sunan shugaban kotun azabtarwa ta cocin Sifen a ƙarni na 15, don mai karatu ya san abin da ke jiransa. Sai dai ƙullinsa ba shi da tsayayyar ƙa'ida. Wani lokaci ko an gaya maka amsar, sai ka yi ta laluben hanyar da aka bi.

Ƙa'idar daga malaman makaranta ta fito, kuma a ganina ba banza ba, don malami ne ya san haushin tambayar jarrabawa wadda ba ta da adalci. Na farkonsu A. F. Ritchie, limamin coci kuma shugaban makaranta a garin Wells. Ya tsinci laƙabinsa, Afrit, daga farkon harufan sunansa, kalmar da Bahaushe ya sani da ifiritu. A littafinsa na 1949 ya kafa sharaɗin da ake bi har yau: mai ƙulli yana da damar ya sa jimlarsa ta yi kama da tana zancen wani abu dabam, amma dole kalmominta, in aka bi su ɗaya bayan ɗaya, su kai mutum ga amsar. Na biyu Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci, wanda ya gaji Mathers a Observer bayan rasuwarsa a 1939, ya ɗauki suna Ximenes, shi ma sunan wani shugaban waccan kotu. Littafinsa na 1966 ya zama abin da ake kafa hujja da shi. Taƙaitaccen abin da magada suka ɗauka daga gare shi: ƙulli nagari yana da ma'anar amsa a gefe ɗaya, da hanyar gina ta a ɗaya gefen, ba a kuma yarda da kalma ko ɗaya da ta shigo zaman kashe wando ba. Da ya rasu a 1971, Jonathan Crowther ya karɓa da suna Azed, wanda in ka karanta daga ƙarshe sai ya ba ka Deza, shugaban kotun na tsakanin waɗancan biyun. Har a sunayensu ba su bar wasa ba.

An taɓa ɗaukar wasan da zafi fiye da kima. A watan Mayu da farkon Yuni na 1944, kalmomin Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune suka bayyana a guraben Daily Telegraph, alhali sunayen sirri ne na shirin saukar sojojin ƙawance a Faransa ranar 6 ga Yuni. Jami'an asiri suka yi wa mai ƙullin, Leonard Dawe, shi ma shugaban makaranta, tambayoyi, ba su same shi da laifi ba.

Mu nan, takarda ce ta kawo mana shi, takardar kuwa jirgi ke ɗauko ta. Wajen 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, reshe ya nufi Kaduna, reshe ya hau Jos. Akawuna da ma'aikatan reluwe da malaman mishan suka cika garin, jaridun Ikko irin su Daily Times, wadda aka kafa a 1926, suna biyo su. Daga baya New Nigerian ta fito a Kaduna a farkon 1966. Amma wasan guraben ya zauna a shafin Turanci, abin malamai da akawuna. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, shekarar da Ximenes ya hau kujera, ta tarar da masu karatun da ke da nasu wasan tun kaka da kakanni.

Don kuwa Bahaushe bai jira Landan ba kafin ya iya ɓoye magana a cikin magana. A dandali, yaron da ya kasa kwance kacici-kacici ba ya tashi haka kawai, sai ya ba da gari. Mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina, ya yi ta santi, sannan ya faɗi amsar, a kuma yi ta musu kan ko ta dace. Wannan musun shi ne abin da Ritchie ya mayar doka. Ga zaurance, inda 'yanmata ke cusa gaɓa bayan gaɓa, "zo mu tafi" ya koma "zodo mudu tadafidi", ko su juya gaɓoɓin gaba ɗaya. Mafi kusa da aikin Torquemada kuwa shi ne ramzi na mawaƙan ajami. Malaman zamanin jihadi, har da Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da kalmar da harufanta ke ɗauke da shekarar da aka yi ta. A lissafin Magrib da malamanmu ke bi, shin 1000 ne, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. Haɗa su huɗun sai ka sami 1218, shekarar hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu. Wanda bai san hisabi ba zai rera ya wuce.

In za a ƙulla irin na Ingila da Hausa, wani abu zai yi sauƙi, wani zai ƙi. Kalma mai fuska biyu dai muna da ita har ta yi yawa, albarkacin rubutun boko da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama Zonkwa, yana iya zama abin tuƙa tuwo. "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne, somawa ce. Haɗa gutsattsari ma ba wuya: "Ka sami abin taunawa a gindin dutse (6)." Ka da goro, Kagoro. Mutanen wurin Gworok suke kiran garinsu, sunan ba ruwansa da goro, amma ƙulli harufa yake kallo, ba ya tambayar asali. Ɓoye kalma a tsakanin kalmomi biyu ma yana yiwuwa: "Ƙaro goro, akwai saiwa a ciki (4)." Sa yatsa a kan harufan, daga r na farko, za ka ga rogo kwance.

Inda aka rabu shi ne juyi. Bature yana karanta kalma daga ƙarshe, harafi bayan harafi, ya sami wata, kamar yadda Deza ya zama Azed. Kalmar Hausa kusan kullum da wasali take ƙarewa, da baƙi take farawa, in ka kifa ta sai ta fito da siffar da harshen ba ya karɓa. Kano ta koma "onak", ba ta cewa komai. Mu gaɓa muke juyawa, yadda masu zaurance suka saba. Tafi ya zama fita, gari ya zama riga, bara ya zama raba. "Sama ta juya, ga abin karin kumallo (4)": masa, wadda Bakano zai ce waina, amma a tashar Kafanchan masa za ka tambaya. Mai son shimfiɗa gurabe da Hausa sai ya yanke wasu shawarwari tun farko. Ƙ da k gida ɗaya za su zauna? Ba zai yiwu ba, in ba haka ba ƙafa da kafa sun zama abu guda. Sh da ts fa, gurbi ɗaya ko biyu? Ni da zan ba kowace gaɓa gurbinta ma, in huta.

Saura ɗaya, wannan ba zan kwance ba: "Ɗaki ya wuntsila, abin da ke tada 'yan rawa ya fito (4)." Wanda ya kasa, Godogodo nake so.